Ƙafafun Tela

"Na bayar da tsohon kekenka, Baba," in ji 'yar tela, tana yaye ƙyalle daga kan sabon keken ɗinki mai aiki da wuta. "Yanzu ƙafafunka za su huta."

Hutun ne kuwa ba sa so. Tun da likita ya fara rage masa tsohon magani kaɗan-kaɗan kafin sabon ya karɓe shi, da ya zauna shiru sai ya ji kamar tururuwa na yawo cikin ɓargonsa. Taka keke kaɗai ke kwantar da su. Ko babu aiki yakan taka, allura ba zare.

"Allah ya yi miki albarka," ya ce, ya zauna.

A ƙarƙashin tebur, ƙafarsa na ta laluben abin takawa.