Ɗakin Awaki

Yana gadin wani kanti a Doha ƙaninsa ya kira shi ta bidiyo.

"Yaya, ruwan jiya ya zaftaro tsauni kan gidan Inna. Yanzu muka tono gawarta."

Shi yayan ne ya gina mata gidan a gindin tsaunin. Ta ce ƙasar wurin ba ta da riƙo. Ya rantse uwarsa ba za ta ƙara kwana a ɗakin jinka ana yi masa dariya ba. Ta tare don kada ransa ya ɓaci.

"Juya wayar in gani," ya ce.

Can gefe tsohon ɗakinta yana tsaye, ko jinkarsa ba ta goce ba. Awakin da aka zuba a ciki suna leƙowa, suna tuƙa.