Jar Fitilar Gidan Hajiya Kulu

"Anas, ka bar ni da aiki," in ji Mukhtar ƙasa-ƙasa, yana durƙushe gaban rawuta, na'urar kamo intanet, a falon Hajiya Kulu da ke Tarauni. Fitilarta ja wur, kamar idon wanda aka tasa daga barci.

Anas abokinsa ne tun suna buga ƙwallon tsumma. Shi ya yi karatu ya zama nas, ya samu aiki a Jidda. Mukhtar kuwa daga aji uku na sakandare ya sallami boko, ya buɗe shago a Gyaɗi-Gyaɗi, ya sa aka rubuta masa "Injiniya" da jan fenti. Kafin Anas ya tafi, ya saya wa mahaifiyarsa Hajiya Kulu kwamfuta da rawuta, ya damƙa kulawarsu a hannun Mukhtar. Kunnen Hajiya ya yi nauyi, kiran waya ba ya mata amfani. Sai ta ga fuskar ɗanta a allo, ta bi motsin bakinsa, sannan take jin magana. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci yake kiranta.

Juma'ar da ta wuce kira bai shigo ba, rawuta ta ƙi.

Tun daga nan Mukhtar ya tare a gidan. Ya kashe ya kunna. Ya zare waya ya hure ta ya mayar. Ya ɗora na'urar a taga, ya hau da ita saman tankin ruwa yana juya ta gabas da yamma kamar mai duban wata. Ya zagi kamfanin layi, ya ɗora wa hadari laifi, ranar da babu hadari ya ce ƙura ce ta shiga.

"Injiniya!" Hajiya takan ɗaga murya, irin ta wanda ba ya jin kansa. "Da akuya na ba wa abin nan, da yanzu ko taunawa ta yi na ga an yi wani abu."

Sai ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. Tuwon da take zuba masa yakan huce a kwano, ta ce kunyar gazawa ce ta hana shi ci. Da ta ga idonsa ya yi ja, ya ce hayaƙin dalma ne na shago.

Maƙwabta ma ba su bar shi ba. Tijjani mai Adaidaita Sahu ya rantse in aka naɗe rawuta da takardar azurfar kwalin taba, har Sin sai ta kamo. Mukhtar ya naɗe. Unguwa ta yi kwana biyu tana dariya, kwastomomi suka fara wuce shagonsa da kwamfutocinsu a hammata.

Balaraba, nas ɗin da ke haya a ɗakin waje, ita ke auna jinin Hajiya kullum da safe. Gyaran ba ya gaba, amma Mukhtar bai taɓa fashin tambayarta nawa jinin ya kai ba.

"Yana sama," takan ce. "Kai dai gyara abinka, likita."

Da Juma'a ta zagayo, Hajiya ta yi wanka da wuri, ta sa jan leshin da Anas ya aiko mata, ta zizara kwalli. Ta zauna gaban kwamfuta tana gyara ɗaurin ɗankwali a baƙin allon.

Fitila dai ja.

"Ke Balaraba," ta ce, "wannan injiniyan na ƙarya ne. Wayarki ba ta nuna fuska?"

"Tana nunawa mana, Hajiya. Ai da tuni kin faɗa. Bari ta ɗan yi caji, yanzu za mu kira shi."

Mukhtar ya miƙe a hankali, ya ce zai sha iska. A soro ya jingina da bango. Yana jiyo Hajiya daga ciki tana lissafa abin da za ta faɗa wa ɗanta, farko dai ƙarar abokin nan nasa marar amfani.

Ya cire hularsa, ya zaro ɗan layin rawutar daga cikin naɗinta, ya riƙe a tafin hannu. Shi ya zare shi da kansa, a safiyar da aka kira shi daga Jidda aka ce mota ta kife da Anas, har an yi masa sutura, kuma har yanzu bai gaya wa kowa ba.