Masallacin da Ya Dubi Arewa

Kai da kake cewa daga gida ma kana ganin duk abin da ke kan kwamfutar ofis, gyara zama in ba ka misali.

An yi wani mai zanen gine-gine, gwani ne, wannan ba a musu. Aiki ya kai shi wani gari mai nisa, sai ya riƙa shiga kwamfutar ofishinsu daga can. Ya buɗe 'yar tasa ta cinya, wata taga ta fito masa da abin da ke kan ta ofis, ya yi ta juya ta kamar yana zaune a gabanta. To, ta ofis allo biyu gare ta, manya, a jere. Tasa kuwa ɗaya ne, bai wuce faranti ba. In ya ce tagar ta nuna masa duka biyun, sai ta matse su su koma kamar ɗamara, rubutu ya zama jerin tururuwa. In ya ja ta ta cika allonsa, sai ta yanke na dama ɗungurungum, ta bar masa na hagu. Tabarau kuma ba ya sawa, wai na tsofaffi ne. Sai ya zaɓi babba ya zauna da rabi, bayan kwana biyu ma ya manta rabi ne.

Ana nan sai abokiyar aikinsa ta zana sabuwar tashar mota. Filin dogo ne, daga kudu ya miƙe arewa, don haka ta kwantar da zanen a kan allo biyun ya samu shiga. Kibiyar da ke nuna arewa ta faɗa can ƙarshen na dama. Shi aka bar wa masallacin tashar, wanda ke ɓangaren hagu. Ranar da za ta tafi hutu ta buga masa waya, ta fara cewa ya leƙa ɗaya allon kafin ya taɓa komai. Ya katse ta da 'yar dariyar nan tasa ta hanci: "Hajiya, Hajiya. Shekara ashirin da biyu fa ina wannan aiki." Ta ajiye waya ta tafi hutunta.

A wurin masu zane, saman takarda arewa ne, dama kuwa gabas. Bai yi wata-wata ba ya ɗora miharabi a bangon dama, ya cire shafin masallacin shi kaɗai ya tura wa magina. Da aka ja igiya za a haƙa harsashi, babban magini ya dubi takarda, ya dubi rana, ya kira shi ya tambaya ko gabas ɗin ofis daban take da ta gari. Gwani ya yi gyaran murya ya ce, "Malam, ga shi a gabana ina kallo. Ku bi takarda." Magini ya ce to, ai ku ne masu ilimi.

Bulo ya kai ƙirji ranar da direbobi suka ce bari su yi azahar a ciki don tabarruki. Suka yi sahu suka dubi gabas ɗin da suka sani tun suna yara, sai ga liman yana fuskantar ƙofar shiga, miharabi kuma yana kafaɗarsu ta hagu yana kallon arewa abinsa. Shugaban direbobi ya ɗauki hoto ya tura wa gwani, ko kalma bai rubuta ba. A ranar ne ya rage tagar, ya kai hancinsa jikin allo, ya ga kibiyar a lungu kamar ƙwayar shinkafa, tana nuna dama. Aka rushe bangon, sauran aikin tashar kuma aka miƙa wa wani.

Shi ya sa Hausawa suka ce hangen Dala ba shiga birni ba ne.