Awaki a Saman Bene

Direban nan shi ya karya uwarsa. Kada wanda ya ɗora wa siminti laifi.

Dokar gari a fili take: kaji kaɗan a bayan gida, cikin akurki mai tsabta, dabba mai kofato kuwa ba a hawa bene da ita. Shi ko awaki tara ya ɗaure a kan rufin gidan da suke haya, daidai saman ɗakin tsohuwar. Kullum da safe sai ya kwara ruwa ya wanke kashi da fitsari. Ruwan ya kwanta, siminti ya sha.

Tsohuwa ba ta fita sosai. Da rana takan kwanta rigingine tana kallon tabon danshin da ya fito a rufin. Yau ya yi kama da gajimare, gobe ya zama kogi mai rassa. Idan kofatai suka yi ƙwas-ƙwas a sama, sai ta lumshe ido ta ga kanta tana yarinya, tana kora garken babanta cikin ciyawa mai raɓa. Warin ma daɗi yake mata.

Surukarta ta ce, "Inna, ƙasa fa na zubo miki a kofi. Dubi tsatsa ta tsagar nan."

"Ke dai 'yar birni ce. Kukan akuya ma firgita ki yake."

Ranar da ma'aikacin duba-gari ya zo, direba ya cika wa awakin kwano da dusa don su yi shiru, ya tare shi a ƙofa yana dariya.

"Awaki a sama? Ranka ya daɗe, fiffike gare su?"

Ma'aikacin ya leƙa ɗaki ya tambayi tsohuwa. Ta dubi ɗanta, ta dubi tabon, ta ce ita ba ta taɓa jin komai ba, kunne ya yi nauyi.

Ashe danshi ya gama cinye rodin da ke riƙe da rufin. Wata Talata da hantsi, tana tsakiyar kiwonta na mafarki, ɓangaren rufin ya rufto mata a ƙugu. Likita ya ce ita da tafiya har abada.

Mai karatu, dokar kiwo a gari ba don a ƙuntata maka aka yi ta ba, don wanda ke kwance ƙarƙashinka ne. Mai rufa wa mai karya ta asiri kuma kansa ya cuta, ko da ɗansa ne.

Hukuma ta kwashe awakin. Alƙali ya ɗaure direba shekara ɗaya.