Ta'aziyyar da Ta Faɗa Spam

"Duba da kyau, Mansura," in ji Alhaji Maharazu, mai kamfanin irin shuka a Faskari. "Hadi ya ce ya turo min ta'aziyyar mahaifiyata ta imel ɗin kamfani, wai spam ta faɗa, akwatin tarkacen saƙonni."

Hadi, manajansa, yana tsaye a gefe. Bai je jana'iza a garin Damari ba, bai leƙa zaman makoki ba, bai kuma tura komai ba. Ma'aikatan da suka yi ta tsegumi a kansa sun zuba ido.

Mansura mai gyaran kwamfuta ta buɗe saitin da ke tabbatar da cewa saƙo daga kamfanin ya fito. Ta daɗe tana dubawa.

"Gaskiyarsa, Alhaji. Saitin ya lalace, amma na gyara."

Hadi ya sauke ajiyar zuciya. Ya bi ta har bakin ƙofa, ya rage murya. "Allah ya saka da alheri, kin rufa min asiri."

"Ba ni ba ce," in ji ta. "Imel ɗinku lafiya lau yake. Tun jiya Alhaji ya kira ni, ya ce ko me na gani in ce ya lalace, don mutane su ƙyale ka haka."