Wuƙar da Haƙori Zai Buɗe

Ga ta nan, ga ta nanku. To, ta zo mu ji ta.

Tun muna Jihar Sakkwato, wata matar masunci ta dire ƙwaryar ruwa gaban wani ɗan kasuwa a Birnin Kebbi. Ta jiƙa hannuwanta har farce ya yi laushi, ta ce, "Miƙo wuƙar kamfanin nan mai naɗewa."

"Hajiya, wanka za ki yi a shagona?"

Farcenta ya lanƙwashe, wuƙa ba ta buɗu ba. Ta ajiye masa abarsa.

Sai Argungu, wurin maƙeri. Tasa ma ta ƙi.

"Baba, ƙera wadda haƙori zai buɗe."

Sau uku tana mayar masa, har ya ƙufula. "Ke ɗiyata, mi na yi miki?"

"Bara tarun kamun kifi ya naɗe ƙafar yayana a gulbi. An tsamo gawarsa da wuƙa a hannu, a rufe."

Maƙeri ya hura wuta.

Wuƙa ta huɗu ta buɗu da haƙori, ita mijinta ya rataya a wuya, ya tsufa yana su. Ɗan kasuwa ya ci gaba da cinikinsa, maƙeri kuwa masunta suka hana shi hutu.