Filin Kokawa Mai Ƙofa Ɗaya

To Injiniya, tun da kai aka ɗora wa zanen babban filin wasan nan na gasar da ke tafe, ajiye takardunka tukuna ka ji misalin wani magini.

Wata shekara aka zaɓi garinsu a yi babbar kokawa ta bayan girbi, wadda ƙarfafa za su zo daga gabas da yamma. Aka ba shi dandalin gari, aka ce ya gina wurin da baƙi za su gani su koma gida da labari. Dandalin nan kuwa shi ne komai na mutanen garin. Nan mata ke shanya da sussuka, nan yara ke wasa, nan 'yar kasuwar yamma ke ci. Magini bai dubi wannan ba, idonsa na kan baƙi. Ya haƙe tsakiyar filin ya yi zurfi kamar ƙwarya don kowa ya hango 'yan wasa, ya jera matakalan zama, ya kewaye da katanga mai tsayin mutum biyu. Ƙofa ɗaya tak ya yi, ƙatuwa, tana kallon babbar hanya inda motocin manya za su tsaya. Shi kuwa gari aka juya masa ƙeya.

Wata tsohuwa mai ƙosai, wadda aikin ya tashe ta daga inda ta shekara talatin tana suya, ta tsaya ta ƙare wa ginin kallo, ta ce, “Malam magini, mu ta ina za mu shiga? Ruwa kuma ta ina zai fita?” Ya yi dariya ya ce, “Haba Iya, wa ya taɓa kokawa da damina?”

Kwana uku aka yi ana kiɗa ana kaye. Baƙi suka yaba, aka kira magini tsakiyar fili aka saka masa babbar riga, dubban mutane na tafi, kansa ya kumbura har hula ta nemi ta yi masa kaɗan. Rana ta huɗu babu kowa sai ɓawon rake. Aka garƙame ƙofa, aka danƙa masa mabuɗi.

Sai damina ta sauka. Ruwan farko ya kwanta a tsakiyar filin, na biyu ya haɗiye matakala uku, kafin gero ya yi bununi ƙwaryar nan ta cika, ta koma wani koren tafki marar motsi wanda ba a ganin ƙasansa. Mutanen gari ba su san zurfinsa ba. Magini ya sani, don shi ya auna da igiyarsa. Ga gidansa a jikin katangar ta gefen gari, ga wata tsaga da ruwa ya yi a gindin ginin, daidai shigar yaro. Yaran da aka ƙwace wa dandali kuwa ba su yi wata-wata ba suka gane ta. Sau biyu yana toshewa, sau biyu ruwa na wankewa. Da ya ga hadari ya haɗu sai ya riƙa leƙe yana neman jikarsa Tasalla, 'yar shekara shida da yake tsokana da amaryarsa. Ya san maganin abin, a fasa katangar a cike ramin. Amma yaya zai je gaban mai gari ya ce aikin da aka saka masa riga a kansa tarko ne? Kullum sai ya ce gobe.

Wata ranar da hantsi, yana zaune a ƙofar gida, ya ji ihun yara daga cikin katanga, suna kiran sunan Tasalla. Tsakaninsa da muryoyin bai fi taku biyar ba. Ya tura kai cikin tsagar, kafaɗa ta ƙi shiga. Ya yi tsalle, hannunsa bai kai saman ginin ba. Sai ya zuba da gudu don ya zagaya zuwa ƙofar baƙi. Bai taɓa sanin girman abin da ya gina ba sai ran nan. Yana gudu katanga na ƙara tsawo, takalmi ya fita bai waiwaya ba, ƙirjinsa kamar zai tsage. Ana cikin haka ihun ya ɗauke, sai ya ƙara gudu. Ya isa ƙofa ya zura mabuɗi, kwaɗon ya yi tsatsa, da ƙyar ya buɗu.

Da ya faɗa ciki sai ya hango haske a can ƙetaren ruwa, inda da babu komai sai katanga. Ashe matan da ke daka a bayan ginin ne suka taru da taɓarensu suka rushe jiƙaƙƙen wurin, suka ƙulla zannuwa, ɗaya ta kama ta faɗa ruwa. Ga Tasalla nan kife a cinyar tsohuwa mai ƙosai, tana aman koren ruwa, da sauran numfashi. Cikin dubban da suka yi masa tafi babu ko mutum ɗaya a wurin. Ya durƙushe cikin taɓo. Tsohuwa ta nuna masa ɓarakar da haɓa, ta ce, “Ga ƙofar 'yan gari nan, mun buɗe da kanmu.”

Saboda haka Injiniya, gasar taku ta mako biyu ce. Kafin ka zana inda manya za su zauna, tambayi wanda zai wayi gari da filin nan bayan an naɗe tutoci, ka ba shi ƙofarsa tun yanzu. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba.